Motar Malam a Hawan Tigidit

Maigidana shofer ne. Shekara kusan arba'in yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas da Bilma, ya tafi da gero ya komo da gishiri da dabino, har rurin moter ya cinye masa rabin kunne. Da ƙarfinsa ya fara ja baya sai ya sauko daga kamyo, ya sayi wata tsohuwar bashe, ƴar mota mai buɗaɗɗen baya, wadda na tabbata ta girmi wasu masu ƴaƴa a unguwarmu. Ni Malam nake ce masa. Motar kuwa ba mu raɗa mata suna ba, amma tana cikin mutanen gida, don ita ake fara dubawa da safe kafin a tambaye ni kwana.

Aikinsa da ita guda ne. Duk ranar kasuwar Adarbisinat sai ya ɗebi kayan masu butik, sukari da shayi da sabulu da taliya, ya kai musu, ya komo da awaki. Ni kuma ina zaune a gefensa, domin ina sayen cuku wurin matan makiyaya, in kawo gari in sayar a ƙofar gida. Haka muke, mako bayan mako, shi da kayansa ni da kwandona.

Allurar da ke nuna yawan mai ta mutu tun kafin motar ta zo hannunmu, Malam kuma bai taɓa kewarta ba. Yana da wani siririn sanda da ya yi wa tsaga huɗu da wuƙa. In yana son sanin abin da ke cikinta sai ya kwance murfin rezarbuwar, wato randar da ake zuba wa mota isansi, man fetur ke nan, ya zura sandan, ya zaro, ya ɗaga shi sama ya duba kamar mai neman jinjirin wata. Abin ya zame masa jiki. Ko ƙafar mota ce ta fashe, sai ya fara zura sandan nan kafin ya dubi ƙafar.

Wanda ya bi hanyar Damagaram ya san Tigidit. Ka fita Agadas ƙasa tana shimfiɗe kamar tabarma, ka yi ta tafiya, ka yi ta tafiya, har gyangyaɗi ya fara ɗibarka, sai ka hangi dutse ya tare gabanka kamar katanga, hanya ta ɗaga kai ta hau shi. Ba wani dogon hawa ba ne. Malam yakan ce shi da ya haye tuddan rairayin Tenere da kamyo cike da gishiri, Tigidit dokin ƙofa ne a wurinsa. Shekara da shekaru kuwa haka yake haye shi, hannu ɗaya a kan bolan yana juya mota, ɗaya yana gyara rawani.

To, ga inda nawa hannun ya shigo.

Kwandon cukuna bayan ɗakin shofer nake ɗaure shi, a kusurwar da awaki ba sa kaiwa. Murfin mai kuma a wannan gefen yake, tazarar kamu biyu. Wata rana matar maƙerin azurfa da ke bayanmu, ƙawata tun muna amare, ta sayi cuku ta gutsura a gabana, ta tauna, ta dube ni ta ce ko shanun da aka tatsa isansi suke sha. Na yi dariya tare da ita. Da ta tafi na ɗauki ɗaya na shinshina, na ji gaskiyarta. Ba da yawa ba, ɗan ƙamshi-ƙamshi ne, amma mace mai sayar da abin ci ta san cewa ɗan kaɗan ɗin nan shi ke korar mutane ba sallama.

Washegari da hantsi Malam ya tafi gaisuwar mutuwa a wata unguwa. Na fita wurin motar na bi ta da hanci kamar akuya tana neman ƙasarin gero, har na tsaya kan murfin. Tsohon murfi ne na ƙarfe, baƙi ƙirin da datti. Na kankare shi da farce, sai ga wani ɗan huji a tsakiyarsa, bai kai kafar allura ba. Na kanga hanci, ga warin nan yana fitowa. Na ce a raina ashe tsufa ya huda shi ba wanda ya lura.

Ni kuwa ɗiyar gidan da ba a yar da fasasshen abu ce. Uwata ta koya mini ɗinkin ƙwarya da liƙin tulu tun ban kai in ɗauki tulun ba. Na jiƙa ƙaro, na niƙa gawayi na kwaɓa su tare, na cusa a hujin da tsinke, na shafe da yatsa, na bar shi ya sha rana. Da ya bushe ko ni da na yi aikin sai na lalubo kafin in gane wurin. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ban faɗa wa Malam ba, don ba ya son a taɓa masa mota, kuma abin bai kai a faɗa ba. Mako ya zagayo, ƙawata ta gutsuri cuku ta ce yanzu ta ji nono. Daga nan na manta da zancen sam.

A wannan makon ne motar ta fara ƙin Tigidit.

Mun fita lafiya, mun ci rabin hanya lafiya. Da muka doshi hawan Malam ya ba ta wuta kamar kullum, sai ta amsa da sanyin jiki. Ya ƙara, ta yi kamar za ta tashi ta fasa. Ya sauke ta zuwa dezyem, giya ta biyu, ta fizga, ta sake, ta fizga, ta sake, kamar raƙumin da aka yi wa kaya ya fi ƙarfinsa yana neman wurin durƙusawa. Ya mayar da ita permiye, ta ɗaya. Ta ɗan ja, ta yi tari biyu, ta mutu a tsakiyar hawa.

Na sauka na nemo dutse na sa a bayan ƙafarta. Malam ya buɗe kapo ya leƙa moter, ya taɓa wannan waya ya girgiza waccan, sannan ya ɗauko sandansa. Yana kwance murfin mai na ji motar ta ja wani dogon numfashi, fuuu, irin na mutumin da aka sauke wa kaya daga ka. Ya zura sanda, mai na nan har tsaga ta uku. Ya tsaya yana shafa gemu. Can ya koma ya murɗa makulli, ta tashi, ta haye sauran hawan kamar ba ita ba.

Na ce masa motar ta yi ajiyar zuciya lokacin da ya buɗe ta. Ya ce me na ce. Na maimaita da ƙarfi a kunnensa mai ji. Ya ce mata ko turmi suka saurara sai sun ji yana magana, moter ne ya yi zafi ya huta.

Dawowa ba ta yi mana komai ba. Hanyar gangara ce, kuma Malam yakan tsaya la'asar a rabin hanya, in ya sallame ya zura sandansa. Mako na biyu kuwa, a wuri guda, kusan kan dutsen da na bari, ta sake durƙusawa. Na uku ma haka. Har na daina nemo sabon dutse.

Sai aka shiga zaryar garaji. Makanisiyen Malam dattijo ne shi ma, tare suka yi ƙuruciya a bakin kamyo, mai yawan magana da hannu. Ina jin bayaninsu daga bakin Malam in ya dawo cin tuwo. Ya ce makanisiye ya ce mota abu uku take so, ta ci, ta sha iska, ta samu wuta, in ta kasa hawa ɗaya daga cikinsu ne ya yi ƙaranci. Aka fara da wuta, aka sake buji duka huɗu. Ta durƙusa a Tigidit. Aka koma kan iska, aka fitar da filtir aka kakkaɓe rairayi, aka ga bai isa ba aka sa sabo. Ta durƙusa. Aka ce to ci ne. Aka kwance karbirater aka wanke shi ɗaki-ɗaki a cikin tasa, aka hura kowace kafa da baki. Aka zargi masu sayar da isansi a kwalba cewa suna haɗawa da ruwa, Malam ya yi fushi da mutumin da ya shekara goma yana saye a wurinsa. Aka sake pompin da ke jawo mai. Makanisiye har ya kwanta a ƙasa ya shinshina ambarayaji, wato kuloci, ko yana ƙonewa, ya tashi ya ce ƙalau yake.

Duk gyaran da aka yi sai su shiga su biyu su zaga gari, su bi ta filin jirgi su komo ta kasuwar dabbobi, motar tana gudu kamar budurwar goɗiya. Makanisiye ya daki kapo ya ce wannan karon an gama. Ranar kasuwa ta zo, Tigidit ya ce ba a gama ba.

Tsofaffin ƙarafan da aka cire kuwa Malam bai yarda a bar su a garaji ba. Ya tara su a tasar wankina ya tura ƙarƙashin gado, ya ce lafiyarsu lau, wata rana za a neme su. A nan dai ya yi gaskiya.

Magana ba ta zama wuri ɗaya a Agadas. Masu butik suka fara cewa kayansu na isa kasuwa bayan an watse da ciniki. Wani da ya wuce mu a hawan cikin kat-kat, motar nan mai keta rairayi, ya ga tsohuwa tana cicciɓar dutse, ya kai labari. Labarin ya isa kunnen ɗanmu na fari, wanda ba na faɗin sunansa. Ya yi lakwal, karatun boko mai zurfi, yana aikin takarda a buro, yana da tasa motar mai sanyi a ciki. Yaro ne mai tausayi, sai dai tausayinsa da takarda yake zuwa.

Ya zo da yamma ya durƙusa ya gai da ubansa, ya daɗe yana kewaye-kewaye. Ya ce ya je garaji da kansa, makanisiye ya rantse masa babu abin da ya rage a motar da ba a duba ba. Ya ce in mota tana gudu a hannun makanisiye tana mutuwa a hannun mai ita, to a duba wani wurin. Ya ce ƙafar dattijo takan yi nauyi a kan ambarayaji bai sani ba, hannu kuma yakan makara wurin sauya bitas, wato giya, ba laifin kowa ba ne, shekaru ne. Ya faɗi kalmar tsufa da Faransanci don ta yi laushi, ba ta yi ba. Ya ce abin da ke hana shi barci shi ne ranar da motar za ta sulalo da baya daga kan dutsen da Inna a ciki. Ya roƙi Malam ya ajiye makulli ya huta, shi zai riƙe gidan.

Malam ya ce lokacin da yake sauya bitas a rairayin Fashi, kan hanyar Bilma, mai maganar nan bai iya ɗaura wandonsa ba. Yaron ya ce haka ne, Baba. A ƙarshe suka daidaita cewa ranar kasuwa za su tafi tare, ya gani da idonsa.

Muka tafi mu uku a gaba, yaron a tsakiya da dogayen ƙafafunsa. Malam ya yi tuƙi ran nan kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya doshi hawan da shiri, ya sauke bitas a kan lokaci, ni da ban san tuƙi ba na san bai makara ba. Ta fizga, ta sake, ta yi tarinta, ta mutu. Na sauka wurin dutsena. Malam ya sauka ya kwance murfi, motar ta ja numfashinta, ya zura sanda ya duba ya mayar. Sai yaron ya ce cikin ladabi, Baba bari in gwada.

Ya zauna a mazaunin ubansa ya murɗa makulli. Ta tashi. Ta haye Tigidit ba tari ba fizga, har da ɗan gudu a ƙarshe kamar tana yi wa wani gwalo.

Haka muka ƙarasa Adarbisinat. Akwai mai gashin naman da Malam ba ya wucewa, ran nan ya wuce shi. Da muka komo gida ya yi alwala ya yi magariba, ya zauna kan buzunsa, ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a gaban yaron a kan tabarma. Bai miƙa masa a hannu ba. Ya ce ga shi nan. Yaron ya ɗauka yana sunkuyar da kai, ya ce akwai wani mai lambu da ke neman bashe ta ɗaukar albasa, zai zo ya gani bayan mako biyu.

Zaman gida bai karɓi Malam ba, ni ma bai karɓe ni ba. Mutumin da bai taɓa sanin inda tsintsiya take ba ya fara nuna mini inda na tsallake a shara. Ya ce ina ɓarnar gawayi. Ya ce akuyarmu ta rame, ya kama ba ta ci har ta fara gudunsa. Duk wannan na ɗauka da dariya. Abin da ban iya dariyarsa ba shi ne safiyar ranar kasuwa. Ya tashi da asuba kamar kullum, ya naɗa rawaninsa na tafiya, ya ɗauki sandan awon mai, ya kai bakin zaure, sannan ya tuna. Ya dawo ya zauna da sandan a kan cinya har rana ta take.

Kwana biyu bayan wannan ina haɗa masa shayi da madara, ko zai ci wani abu. Na ɗauko gwangwanin madara na huda shi da ƙusa, na karkata a kan kofi. Ta ɗan zubo, ta tsaya, ta ɗigo, ta tsaya. Hankalina yana wani wuri, na manta ban yi huji na biyu ba. Duk macen da ta taɓa riƙe gwangwani ta san ba ya zuba da baki ɗaya, sai an buɗe masa inda iska za ta shiga. Na juya shi na soka ƙusa a ɗaya gefen. Ya yi ɗan fuu, madara ta taho a miƙe.

Na tsaya da gwangwani a hannu har kofin ya cika ya zube a ƙasa.

Ta zubo ta tsaya, ta fizga ta sake. Numfashin nan da nake ji duk lokacin da aka kwance murfi. Da yadda take tashi garau bayan an zura sanda, ko a hannun wa take. Da zagayen garin da ba ya nisa har ta shaƙe. Na tuna ƙaro da gawayi da tsinke, na tuna yadda na yabi kaina. Ashe hujin nan ba tsufa ya yi shi ba. Wanda ya ƙera murfin ne ya bar mata hanci, ni kuma na zo na toshe.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zo mini shi ne in ɗauki allura in fita in cire ƙaron ba wanda ya gani. Motar ta warke, kowa ya ce ikon Allah. Na yini da wannan tunanin. Amma na ga in na yi haka mai albasa ne zai ci moriya. Zai saye ta ya haye duk dutsen da ya ga dama, mutane su ce ai ga shi nan, motar lafiyarta lau, tsohon ne ya ƙare. Makullin ba zai dawo ba sai an san abin da ya kashe ta a hannunsa ya tashe ta a hannun ɗansa, kuma ba mai faɗin wannan sai ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko na aika a kira yaron, na ce ya biyo da makanisiye. Suka zauna a zaure da Malam suna zaton maganar mai saye ce. Na shigo da sabon gwangwanin madara da ƙusa da kofi da allura, na ce wa makanisiye ya kwanto mini murfin mai. Ya dubi Malam, Malam ya dubi rufin zaure. Ya je ya kawo.

Na huda gwangwani sau ɗaya na karkata. Suka ga ta ɗigo ta tsaya. Na huda na biyu ta zubo. Sannan na ɗauki murfin na sa allura a tsakiyarsa na ƙwaƙule, baƙin ƙaro ya faɗo kan tabarma kamar ƙwayar gero. Na ɗaga murfin wajen ƙofa, haske ya ratso ta hujin.

Na ce, “Ni na liƙe shi. Cukuna ke warin isansi.”

Makanisiye ne ya fara ganewa. Ya karɓi murfin ya kai bakinsa ya hura, ya ji iska a tafin hannunsa. Ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da ya samu magana ya ce wa yaron pompi yana jan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, in an yi nisa randar ta riƙe abinta, ga hawa kuma lokacin da mota ta fi bukatar ci. Ya ce murfin nan ya riƙe shi a hannunsa ya fi sau goma. Ya juyo gare ni ya ce, “Inna, wa ya koya miki liƙi? In kina neman aiki ina da radiyater uku masu yoyo.”

Yaron ya ɗauki ɗan ƙaron yana jujjuya shi a yatsa. Ya ce wato da Baba ya buɗe murfi kafin shi ya karɓi tuƙi, a nan ta warke. Makanisiye ya ce ko akuya aka ɗora a kan bolan a lokacin za ta haye.

Malam ya matso kusa. Ya sa an maimaita masa bayanin a kunnensa mai ji, daga farko har ƙarshe. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Ya ce, “Wato wata biyu ina zargin mai isansi, ina zargin ƙafata, ashe ɓarawon yana gefena yana miƙo mini goro.”

Na ce, “Sau uku ina gaya maka tana ajiyar zuciya.”

Ya ce bai ji ba.

Na ce na sani, ita ma ba ka ji ta ba.

Yaron dai ɗan takarda ne, bai saki makullin nan take ba. Ya ce bayanin ya shiga kansa, amma a gwada. Sharaɗinsa shi ne Baba ya ja ta daga ƙofar gida har saman Tigidit ba tsayawa, kuma kada kowa ya taɓa murfin. Malam ya ce a riƙe sandan ma. Ya miƙa mini shi, ya ce tunda na iya aikin mota in riƙe kayan aiki.

Ranar kasuwa muka fita mu uku kamar wancan karon, da lodin sukari da sabulun wani mai butik ɗaya da bai riga ya sauya mota ba. Tafiyar ta yi mini tsawo. Ina ta sauraron moter kamar yadda ake sauraron ƙirjin jariri mai mura, ina cewa a raina in kuma ba shi ke nan ba fa, in akwai wani ciwon bayan nawa. Dutsen ya bayyana. Malam ya gyara zama, ya ba ta wuta, ta amsa. Ya sauke ta dezyem daidai inda ya saba. Muka wuce dutsena yana nan a gefen hanya inda na bar shi, na bi shi da kallo har ya koma baya. Ta hau, ta hau, muryarta ba ta sauya ba, sai ga mu a sama, ƙasa ta sake shimfiɗewa.

Yaron ya yi gyaran murya ya ce, “Baba, a gafarce ni.”

Malam ya kai hannu zai ƙara bitas, ya ce, “Janye gwiwarka, zan sa turwaziyem.”

Ran nan ya tsaya wurin mai gashin nama, ya sa aka yanka mana har da na makanisiye a takarda. Mai albasa kuwa aka aika masa ya nemi wata. Abu ɗaya dai yaron ya yi nasara a kai, ya kai ubansa aka auna masa ido aka yi masa tabarau, Malam yana sa shi in ya hango motar yaron a ƙofar gida. Mai isansin kwalba ma an koma wurinsa, da goro. Na san akwai ranar da makullin zai koma kan tabarma da gaske, shi ma ya sani, amma ba ƙarona ne zai kai shi ba.

Warin isansi ya dawo kusurwarsa, don haka kwandon cuku ya baro baya. Yanzu a kan cinyata yake tafiya, a gaba, lulluɓe da zane. Malam yana ƙorafi tun daga Adarbisinat har gida cewa ɗakin shofer ya koma rugar Fulani, rawaninsa ma nono yake wari. Nakan ce masa in ya dame shi akwai sauran ƙaro a gida, hancinsa kuma huji biyu ne kawai. Duk safiyar tafiya kuwa, kafin ya zura sanda, sai ya ɗaga murfin nan wajen rana ya kanne ido ɗaya ya leƙa, sannan ya waiwayo ya dube ni.